Neman Haƙƙi Ba Bara Ba Ne

Hausawa na cewa lafiya uwar jiki, babu mai fushi da ke. Amma wani lokaci lafiya takan tafi ta daɗe ba ta dawo ba. Ciwon ƙoda, shanyewar ɓarin jiki, ciwon suga da ya taɓa ido, duk suna iya kwantar da magidanci har ya kasa fita aiki. Idan haka ta faru, me zai ci da iyalinsa? Ra'ayina shi ne, duk wanda ciwo ya raba da aikinsa ya fito ya nemi haƙƙin da doka ta ba shi, kada ya ji kunya. Mu 'ya'yansu da muke karatu kuma mu taya su nema.

Wani zai ce ina ruwan ɗalibi da maganar fansho. Ruwanmu ne sosai. Idan uba ya kwanta, abin da ake fara dainawa shi ne kuɗin tara da kuɗin mota. Daga nan sai littafi da yunifom. A unguwarmu akwai wani direban kamfani da ɓarin jikinsa ya shanye. Wata takwas yana kwance, aka sayar da firji, aka sayar da keken ɗinkin matarsa, babbar 'yarsa ta bar makaranta ta koma tallan awara. Duk wannan lokaci akwai kuɗinsa a asusun fansho, amma babu wanda ya san zai iya taɓa su. Kowa a gidan ya ɗauka sai mutum ya tsufa ake ba shi.

Na tambayi malaminmu na darasin zama ɗan ƙasa nagari, na kuma tambayi kawuna da ke aikin ofis. Ga abin da na koya.

Na farko, akwai dokar fansho ta shekarar 2014. A ƙarƙashinta ana cire kashi 8 cikin ɗari na albashin ma'aikaci duk wata, wanda ya ɗauke shi aiki kuma ya ƙara kashi 10, a zuba a asusu mai sunan ma'aikacin. Hukumar PenCom ce ke sa ido a kan kamfanonin da ke riƙe kuɗin. Bisa ƙa'ida sai mutum ya kai shekara 50 ya yi ritaya yake fara karɓa. Amma dokar ta cire marar lafiya daga wannan jira. Idan ƙwararren likita ko kwamitin likitoci suka tabbatar cewa mutum ba zai iya ci gaba da aikinsa ba saboda ciwon jiki ko na ƙwaƙwalwa, yana iya neman kuɗinsa ko bai kai hamsin ba. Haka kuma wanda ya rasa aiki ya yi wata huɗu bai samu wani ba, yana iya karɓar kashi 25 cikin ɗari na abin da ya tara. Jihohi suna da nasu dokokin fansho, don haka ma'aikacin jiha ko na ƙaramar hukuma ya je ofishin fansho na jiharsa ya tambaya.

Na biyu, akwai dokar biyan diyyar ma'aikata ta 2010, wadda hukumar NSITF ke kula da ita. Wannan ta shafi wanda aikin ne ya jawo masa ciwon ko raunin, kamar wanda inji ya cinye wa hannu, ko wanda ƙurar masana'anta ta lalata wa huhu. Mai kamfani ne ke biyan kashi 1 cikin ɗari na jimillar albashin ma'aikatansa, ba a cire wa ma'aikaci ko kwabo. Sai dai akwai wa'adi. Ana son ma'aikaci ko iyalinsa su sanar da wurin aiki cikin kwana 14, sannan a shigar da buƙatar diyya cikin shekara ɗaya. Wanda ya zauna yana jira, lokaci zai iya wuce shi.

Yanzu ku duba da kyau. Kuɗin fansho guminsa ne, daga albashinsa aka yanka. Wanda ya je karɓar ajiyarsa a wurin mai adashi, wa zai ce masa almajiri? To me ya sa dattijo zai ji nauyin zuwa ofis da takardar likita?

Na san abin da wasu manya ke cewa: ciwo jarrabawa ce, sai haƙuri. Gaskiya ne, kuma haƙuri abu ne mai kyau. Amma mai haƙuri yana zuwa asibiti, yana shan magani. Neman haƙƙi ma haka yake, bai hana dogaro ga Allah ba. Wasu kuma suna cewa wahalar ta yi yawa, yau a ce ka dawo gobe, gobe a ce oga ba ya nan. Wannan ma gaskiya ne, kuma abin takaici ne a sa mutumin da ba ya iya tsayuwa ya hau bene yana bin fayil. Sai dai idan kowa ya gaji ya bari, masu jan ƙafa ne suka ci riba.

Akwai kuma masu cewa idan aka sauƙaƙa, masu ƙarya za su riƙa cewa ba su da lafiya. Ai shi ya sa aka ce sai likita ya duba. A kama maƙaryaci a hukunta shi, amma kada a azabtar da mai wankin ƙoda saboda laifin wani.

Babbar matsalar ita ce yawancin iyayenmu ba su da albashi. Birkiloli ne, teloli, masu Keke Napep, manoma da 'yan kasuwa. Ranar da suka kwanta, ranar kuɗi ke tsayawa. A 2019 an fito da tsarin ƙaramin fansho domin masu sana'ar hannu su riƙa tara kaɗan-kaɗan. A 2022 kuma aka sa hannu a dokar hukumar inshorar lafiya ta ƙasa, NHIA, wadda ta tanadi asusu domin marasa galihu. Jihar Kano ma tana da hukumar taimakekeniyar lafiya da hukumar zakka da hubusi. Amma mutum nawa ne a layinku suka san da waɗannan? Ina roƙon gwamnati ta riƙa bayyana su da Hausa a rediyo, a masallatai da coci-coci da kasuwanni, ta kuma tura jami'ai gidan marar lafiya maimakon a ɗauko shi ranga-ranga zuwa ofis.

Mu ma muna da aikin yi. Yau idan ka koma gida, tambayi Baba ko Mama cikin ladabi ko suna da asusun fansho, kuma wane kamfani ne ke riƙe da shi. Ka taya su haɗa takardar ɗaukar aiki, takardun albashi, lambar NIN, lambar fansho da katunan asibiti a jaka ɗaya inda ruwa da gara ba za su taɓa ba. Idan fom ya zo da Turanci, ka karanta musu, abin da ya fi ƙarfinka ka kawo wa malami. Ka gargaɗe su kada su ba kowa lambar sirri ta katin banki, kada kuma su biya ɗan tsakani da ya ce zai fito musu da kuɗi da wuri.

Idan kuma ka lura abokin zamanka ya daina zuwa makaranta saboda ciwon mahaifinsa, kada ka yi shiru. Ka faɗa wa malamin aji, ka kai masa wannan bayani gida. Matambayi ba ya ɓata. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya, amin.

Daga wata ɗaliba, aji biyu na ƙaramar sakandare, Ƙungiyar 'Yan Jarida