Sharhi: Kafin a ƙara buhun siminti, a horar da magina

Jama'a ƴan kasuwa, maza da mata, duk wanda ya taɓa gina shago ko gida da guminsa ya san inda kuɗi ke zurarewa. Leburori goma na zaune a inuwa suna jiran motar yashi, da marece kuma sai an biya su. An ɗauko siminti tun daga Malbaza, an jibge shi a ƙasa, danshin damina ya mai da shi dutse. An gama bango har da yaɓe, sannan mai lantarki ya zo ya farfasa shi don ya sa waya. Kullum tsadar kaya muke kuka da ita, amma a ganinmu ɓarna ma tana cin nata kaso, ita kuwa tana da magani.

Maganin ya samo asali ne daga ƙasar Japan, a kamfanin Toyota wanda motocinsa suka cika tashoshinmu. Bayan yaƙin duniya na biyu, injiniyan kamfanin Taiichi Ohno ya lissafa ɓarna iri 7, cikinsu akwai zaman jira, da jigilar da ba ta da amfani, da tara kaya fiye da buƙata, da aikin da sai an sake shi. A 1992 wani masani ɗan ƙasar Finlan, Lauri Koskela, ya nuna cewa wannan tsari na aiki ba ɓarna zai yi amfani a gini. A 1997 Glenn Ballard da Greg Howell suka kafa cibiyar koyar da shi a Amurka. Binciken da suka yi a wuraren gini ya nuna cewa kusan rabin ayyukan da ake tsarawa a mako ne kawai ake gamawa cikin makon.

Abin da ake koyarwa ba ya buƙatar inji. Kowane mako magini da kafinta da mai ƙarfe da mai lantarki za su zauna tare. Kowa ya yi alkawarin aikin da kayansa ke ƙasa, mutanensa na nan, kuma an gama wanda ke gabansa. A ƙarshen mako a ƙirga alkawuran da aka cika. Wanda bai cika ba, a nemi dalili a gyara, maimakon a nemi wanda za a zaga.

A nan ne horon ke taɓa hali. A wurinmu kunya da tsoron rasa aiki kan sa magini ya ce "to, gobe" alhali ya san ba zai yiwu ba. Wanda ya samu horo yakan faɗi gaskiya da wuri, tun gyara bai yi tsada ba. Sai dai idan shugaban aiki ya ci gaba da tsawa ga duk wanda ya kawo masa labarin matsala, horon kwana biyu da takardar shaida ba za su canza komai ba. Don haka shugabanni ne ya kamata a fara horarwa.

Ku ma masu gini kuna da naku nauyi. Ku nemi ɗan kwangila ya nuna muku aikin mako a rubuce. Kada ku canza tsarin ɗaki bayan an zuba tushe. Ku biya kuɗin kaya a ranar da kuka ce. Kada ku matsa a yi gaggawa a kan kankare: yana son ruwa a makon farko, kuma sai ya kwana 28 yake cika ƙarfinsa.

Muna kira ga cibiyoyin koyon sana'a da asusun FAFPA da su sa wannan darasi cikin horon magina, kuma da Hausa, domin da ita ake aiki a wuraren gini daga Maraɗi zuwa Damagaram da Tawa. Sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Allah ya sa mu gyara.