ZAUREN IYALI: Jini Ba Ya Ƙarya



Matasanmu suna son littattafan binciken kisan kai. Akwai wani likita Bature, R. Austin Freeman, wanda ya yi aiki a ƙasar da ake kira Ghana yau. A 1907 ya fara rubuta labarun wani likita mai bincike. Wannan likita ba ya bin jita-jita, sai ya auna jini da ƙura da zanen yatsa, har gaskiya ta fito. Labarun ƙage ne, amma irinsu ya faru kusa da mu.

A 2010 yara ƙanana suka yi ta mutuwa a ƙauyukan Anka da Bukkuyum na Jihar Zamfara, maƙwabtanmu, waɗanda muke jiha ɗaya da su har 1996. Yaro ya yi amai, ya yi jijjiga, ya suma, shi ke nan. Likitocin ƙungiyar MSF suka ba da maganin zazzaɓin cizon sauro da na sanƙarau, ba sauƙi. Sai suka lura da cewa a Dareta da 'Yargalma mutane suna kawo duwatsun zinariya gida, suna dakawa a turmi, suna niƙawa a injin hatsi. Suka ɗebi jinin yara suka aika ɗakin gwaji a Jamus. Amsa ta zo: gubar dalma ce. Duwatsun cike suke da dalma, ƙurarsu ta rufe tsakar gida, mai rarrafe kuwa ya taɓa ƙasa ya kai hannu baki. Yara fiye da 400 suka rasu. Da aka kankare ƙasar gidajen, aka zuba sabuwa, aka ba yara magani mai fitar da dalma, mutuwar ta ragu ƙwarai.

To, mu mutanen Sanyinna da Tambuwal da Kebbe, me za mu koya? Sa'ad da yaro ya mutu farat ɗaya, nan da nan bakin mutane ya koma kan wata tsohuwa, wai mayya ce, ko kan kishiya, wai ta yi sammu. Da mutanen Dareta sun kori tsofaffinsu duka, da ƙurar tana nan tana cin yara. Doka ta tara ta hana mu shaidar zur a kan maƙwabci (Fitowa 20:16), zargi marar shaida kuwa ɗan'uwanta ne.

Saboda haka, in cuta ta rikita ku, ku kai yaro asibiti da wuri, ku yarda a gwada jini. Ku gaya wa likita irin aikin maigida. Kada a niƙa dutsen ma'adini a gida, kada yara su yi wasa da tsohon batirin mota. Iyaye mata, ku sani baƙin tozalin dutse ma yakan ƙunshi dalma, ku daina sa wa jarirai.

Ku yi addu'a, ku kuma nemi gaskiya, gama Allah ne ya ba likita basira. Sai wata mai zuwa.