Annoba Ba Hujja Ba Ce Ta Rufe Wa Mai Duba Gidan Yari Ƙofa



Kowa a cikinmu yana tuna kullen korona na shekarar 2020. Kasuwa a rufe, makaranta a rufe, rediyo na ta jan kunne a ba da tazara, a yawaita wanke hannu da sabulu. Akwai dubban mutanen da wannan shawara ta zame musu tamkar ba'a, su ne mazauna gidajen yari. A lokacin Najeriya tana tsare da mutum sama da 70,000 a gidajen da aka tanada domin kimanin 50,000, kuma wajen kashi 70 cikin ɗari ba a ma yanke musu hukunci ba, jiran shari'a suke. Gidan yarin Ikoyi da ke Legas an gina shi domin mutum 800, amma sama da 3,000 ke ciki. Wanda sai maƙwabcinsa ya juya shi ma zai samu ya juya a wurin kwana, ina ya ga tazara?

A watan Maris na shekarar, hukumar gidajen gyaran hali ta dakatar da ziyarar 'yan'uwa domin kada a shigo da cutar. Matakin yana da hujjarsa, ƙasashe da yawa ma sun yi haka. Sai dai duk wanda ya taɓa samun nasa a ciki ya san abin da ziyara take nufi. Da ita ake samun gari da ƙuli-ƙulin da za a haɗa da gabza, da ita sabulu da magani ke shiga, da ita fursuna ke jin inda maganar belinsa ta kwana. Abu mafi girma kuma, mai ziyara ido ne. Uwar da ta ga ɗanta ya rame, ko ta ga tabon duka a wuyansa, za ta fito ta faɗa. Ranar da aka rufe wannan ƙofa, labarin abin da ke faruwa a bayan katanga ya koma hannun mai riƙe da mabuɗi shi kaɗai.

Ba a jima ba aka ga illar hakan. Ranar 31 ga Maris, 2020 tarzoma ta ɓarke a gidan yarin Kaduna, lokacin da tsoron cutar ya cika gidan. Hukumar gidajen ta amince da mutuwar fursunoni huɗu. Da Hukumar Kare Haƙƙin Ɗan'adam ta Ƙasa ta fitar da rahotonta na makonni biyun farko na kulle, ta ce jami'an tsaro sun kashe mutum 18, takwas daga ciki a hannun jami'an gidajen yari. Ba don akwai wata hukuma ta daban da ta yi nata lissafin ba, da alƙalami ɗaya za mu ji, mu kuma karɓa.

Ra'ayina shi ne, annoba tana iya sa a taƙaita ziyarar dangi na ɗan lokaci, amma ba ta isa hujjar hana mai duba gidan yari mai zaman kansa shiga ba. Lokacin ne ma aka fi buƙatarsa. Da na ce mai zaman kansa, ina nufin wanda albashinsa da ƙarin girmansa ba sa hannun shugaban gidan yari, wanda zai iya zuwa ba tare da sanarwa ba, ya zaɓi ɗakin da zai shiga, ya keɓe da fursuna ba gandiroba a kansu, sannan ya rubuta abin da ya gani jama'a su karanta. Waɗannan sharuɗɗa suna cikin ƙa'idojin kula da fursunoni da Majalisar Ɗinkin Duniya ta amince da su a 2015, waɗanda aka sa wa sunan Nelson Mandela.

Wani zai ce, shi mai dubawar ba zai iya shigo da cutar ba? Tambaya ce mai ma'ana, domin cuta idan ta shiga ɗakin mutum ɗari ba ta fita da sauƙi. Amma gidan yari bai taɓa rufuwa ruf ba. Gandirobobi suna tashi aiki su koma gida su dawo, masu kawo kayan abinci suna shiga, 'yan sanda suna kawo sababbin mutane. Idan waɗannan za su shiga da takunkumi a fuska, mutum biyu masu bincike ma za su iya. Reshen Turai na Hukumar Lafiya ta Duniya, wadda ta fi kowa tsoron yaɗuwar cutar, ya faɗa a jagorarsa ta watan Maris 2020 cewa kada a fake da annobar a hana binciken waje.

A Ingila an gwada, kuma ya yiwu. Hukumar sufetocin gidajen yari ta can ta dakatar da dogon bincikenta a watan Maris, amma zuwa Afrilu ta koma da gajeriyar ziyara ta wuni ɗaya da mutum biyu ko uku. Kwamitocin sa-ido na 'yan sa-kai, waɗanda kowane gidan yari yake da nasa, suka buɗe layin waya kyauta domin fursuna ya kai ƙorafi. Abin da aka gano ya tayar da hankali: an kare mutane daga korona ta hanyar kulle su a ɗaki awa 23 a rana, wata da watanni. A ƙa'idojin Mandela, tsare mutum shi kaɗai awa 22 a rana ba tare da hulɗar kirki da kowa ba, idan ya wuce kwana 15, haramtacce ne. A takardar ofis za a ga mace-mace sun yi ƙasa a yi murna. Sai da aka shiga aka yi magana da mutanen aka san abin da wannan nasara ta ci na lafiyar ƙwaƙwalwarsu.

Na Italiya ya fi muni. A gidan yarin Santa Maria Capua Vetere, kusa da birnin Naples, fursunoni sun yi bore suna neman takunkumi bayan an samu mai cutar a cikinsu. Ranar 6 ga Afrilu, 2020 aka turo jami'ai kusan 300 da sunan binciken ɗakuna, suka yi musu dukan kawo-wuƙa. Maganar ta isa gaban masu gabatar da ƙara ne bayan jami'in kare haƙƙin fursunoni na yankin ya kai koke, kuma a 2021 hotunan kyamarorin gidan suka fito duniya ta gani. Da babu wannan jami'i, da an binne zancen.

Kada a ɗauka wannan tunani na Turawa ne kawai. Alƙali Abu Yusuf, a littafinsa Kitabul Kharaj da ya rubuta wa halifa Haruna Rashid sama da shekara 1,200 da suka wuce, ya ba da shawarar a naɗa mutumin kirki ya rubuta sunayen fursunoni, ya riƙa ba kowa kuɗin abincinsa hannu da hannu duk wata, domin idan gurasa aka bayar masu gadi za su cinye. Tun a wancan zamani an gane ba a ba kura ajiyar nama.

Wannan bai zama zargi ga kowane gandiroba ba. Da yawansu suna aiki cikin ƙarancin kayan aiki, suna shaƙar iskar da fursuna ke shaƙa, su koma wa iyalinsu da abin da suka kwaso. Ƙaramin jami'in da ba zai iya gaya wa ogansa cewa asibitin gidan ba ko farasitamol ba, rahoton mai dubawa shi zai faɗa a madadinsa.

A Najeriya dokoki ba su yi mana kaɗan ba. Tun 2009 ƙasar ta shiga yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya da ta wajabta kafa hukumar da za ta riƙa ziyartar wuraren tsare mutane. Dokar shari'ar laifuka ta 2015 ta umarci shugaban gidajen yari ya riƙa miƙa wa manyan alƙalai sunayen waɗanda suka wuce kwana 180 suna jiran shari'a, duk bayan kwana 90. Dokar gidajen gyaran hali ta 2019 ta tanadi masu ziyara na hukuma, ta kuma ba da damar ƙin karɓar sababbin fursunoni idan gida ya cika. Abin da ya rage shi ne aiki da su. Afuwar da gwamnatin Buhari ta yi wa fursunoni kimanin 2,600 a watan Afrilun 2020 abin yabo ce, amma idan aka ɗora ta a kan 70,000, cinkoson yana nan inda yake.

Korona ta lafa, amma tarin fuka da amai da gudawa da sanƙarau da mashaƙo ba su je ko'ina ba, kuma cinkoso suke so. Ba a fafe gora ranar tafiya. Tun yanzu ya kamata a rubuta a doka cewa ko an dakatar da ziyarar dangi, alƙalai da lauyoyi da jami'an kare haƙƙi za su ci gaba da shiga. A samar da layin waya na ƙorafi wanda ba ya bi ta ofishin shugaban gidan. Duk fursunan da ya mutu a tsare a sanar da danginsa, wani na waje ya binciki sanadi. Rahotannin kuma a wallafa su, har da Hausa, yadda tsohon da ɗansa ke Kurmawa ko Goron Dutse a Kano zai ji abin da aka gano.

Yawancin waɗanda ke ciki kotu ba ta same su da laifi ba tukuna. Wanda aka samu da laifin ma, shekaru aka yanke masa, ba a yanke masa mutuwa da tari a ɗakin da ba taga ba. Masu ra'ayi daban, musamman lauyoyi da ma'aikatan gidan gyaran hali da ke cikinmu, muna sauraron ku. Allah Ya fitar da wanda aka zalunta, Ya shiryi mai laifi, Ya kare mu baki ɗaya.