Kada a Raba Littafi Kamar Tufafi

Ranar da Allah Ya yi wa kakana rasuwa a cikin birnin Katsina, a shekarar 2023, ina makaranta. Da na zo hutu sai na tarar an gama rabon gado. An biya bashi, an fitar da wasiyya wadda ba ta wuce sulusi ba, kowa ya karɓi rabonsa kamar yadda Suratun Nisa'i ta bayyana. Riguna da rawuna ba su ba da wahala ba. Abin da ya sa ni kuka shi ne adakar littattafansa.

A cikinta akwai Risala da Ishiriniya rubutun hannu, kowanne a gafakarsa, ga sharhin da Malam ya yi a gefen takardu. Don kada a ce an zalunci wani, sai aka kasa su. Da yake takardun ba a ɗinke suke ba, farkon Risala ya tafi wani gida, ƙarshenta wani gida. Yanzu ba mai iya karanta ta.

A ganina wannan kuskure ne. Riga in ta tsufa an huta, amma littafi yana iya karantar da jikan jika. Da magadan Ɗan Marina da Ɗan Masani, malaman Katsina na ƙarni na 17, sun watsar da takardunsu, da me za mu san iliminsu? Dubi kuma gidan Sardauna Ahmadu Bello a Kaduna. Bayan rasuwarsa a 1966, an mai da shi Arewa House, inda ake adana takardun tarihi.

Wani zai ce gado haƙƙin magada ne. Gaskiya ne, musamman in akwai maraya, don ba mai ikon kyautar da rabonsa. To, amma akwai mafita. A yi wa littattafan kuɗi, mai karatu a cikin magada ya ɗauke su cikin rabonsa. Ko kuwa magada baligai su yarda a yi wakafi da su. Mafi kyau ma, mai littafi ya faɗi nufinsa tun yana raye.

Ya ku iyayenmu, ina roƙonku ku duba wannan magana. Ku kuma 'yan'uwana ɗalibai, in kun je hutu ku tambayi tsofaffinku abin da ke cikin adakarsu tun suna iya ba ku amsa. Ni ban tambaya ba.

Allah Ya jiƙan magabatanmu, amin.