Yamai zuwa Paris: tafiyar awa 5 da rabi ta koma ta yini guda

In aka duba taswira, Yamai da Paris kusan a layi ɗaya suke, ɗaya kudu ɗaya arewa. Tsakanin filin jirgin saman Diori Hamani da na Charles de Gaulle akwai kimanin kilomita 3,900. Jirgi ya tashi ya miƙe arewa, ya ratsa hamadar Aljeriya da tekun Bahar Rum, cikin awa 5 da rabi ya sauka. Haka aka saba har zuwa watan Agustan 2023, lokacin da kamfanin Air France ya dakatar da zuwa Yamai bayan juyin mulkin 26 ga Yuli. A watan Satumba na wannan shekara kuma hukumomin Nijar suka haramta wa jiragen Faransa shiga sararin samaniyar ƙasar.

Tun daga nan, mai zuwa Paris sai ya yada zango. Wanda ya bi Turkish Airlines sai ya fara yin gabas zuwa Istanbul, kusan kilomita 4,000, wato ya cinye nisan tafiyar gaba ɗaya bai kama hanyar Faransa ba tukuna. Daga can a ƙara masa wasu 2,200. Ta Kazablanka ya fi kusa, amma nan ma da nata matsalar: tun Satumban 2021 Aljeriya ta rufe samaniyarta ga jiragen Maroko, don haka Royal Air Maroc ba ya iya bin miƙaƙƙiyar hanya, sai ya kewaya ta yamma. Rigimar da ba tamu ba, mu ma muna biyan kuɗinta.

Amma abin da ya fi cin lokaci shi ne jira. Awannin da ake kashewa a kan kujerar filin jirgi, tsakanin sauka da tashi, su ke mayar da tafiyar ta zama ta yini guda, wani lokaci har da kwana.

Da yawa daga cikin ƴan ƙasa sun goyi bayan matakin, suna ganin maganar ƴanci ce, kuma Air France ma yana ɗanɗana kuɗarsa tunda dole jiragensa masu zuwa ƙasashen da ke kudu da mu su kewaye Nijar, su ƙona ƙarin mai. Sai dai a ganina ba a cika maganar waɗanda nauyin ya faɗo wa ba: ɗalibai, ƴan kasuwa, da marasa lafiya da ake fitarwa neman magani, waɗanda sauyin jirgi da tsakar dare ba ƙaramin abu ba ne a gare su. Tun rushewar Air Afrique a 2002, kamfanonin wasu muke dogaro da su wajen doguwar tafiya, su ke tsara lokaci, su ke yanka farashi.

Mutumin Damagaram kuwa lissafinsa daban ne. Kafin ma ya ga ƙofar filin jirgin Diori Hamani, sai ya share kilomita 900 a mota, tafiyar da ta ninka tsohon jirgin Paris fiye da sau biyu.