LASIN TUƘI: A AUNA KOWA DA MUDU ƊAYA

Jama'a, duk wanda ya taɓa zama kasuwa ya san hukuncin mai mudu biyu, wanda ya ke saye da babba ya sayar da ƙarami. To, irin wannan awon ne mu ke kuka da shi yau game da lasin tuƙin mota da 'yan'uwanmu masu raunin gani.

Bari mu fara da abin da ba gardama a kansa. Mota ba abin wasa ba ce. Direban da ba ya hangen yaro a kan titi, ko ba ya ganin babur da ya ɓullo ta gefe, bai kamata ya riƙe sitiyari ba, ko da ɗan wane ne. Ba mu neman a ba makaho lasin. Abin da mu ke nema shi ne a bambanta makaho da mai raunin gani, a kuma gwada kowa tsakani da Allah.

Ga yadda abin ya ke. Tun 1988 da aka kafa hukumar kiyaye haɗurra ta tarayya, ita ce da jami'an duba motoci da ofisoshin haraji na jihohi su ke da hannu a kan lasin, gwajin ido kuwa yana cikin sharuɗɗa. Amma wane ne bai san dillalan da ke tsaye a bakin ƙofa ba? Mai abin hannu ya miƙa, lasin ya same shi, ba wanda ya nuna masa allon baƙaƙe. Talaka kuwa, in ya zo da tabarau mai kauri, ko yana da ido ɗaya, ko zabiya ne yana runtse ido saboda rana, sai a dube shi sama da ƙasa a ce ya je ya nemi wata sana'a. An yi masa hukunci da kallo. Wanda idonsa ya lalace ya wuce da kuɗinsa, wanda ya iya gani an kore shi don kamanninsa. Haba jama'a! Ina kiyaye rayuka a nan?

Wannan ba maganar mutum goma ba ce. Binciken ido da aka yi a duk faɗin Nijeriya daga 2005 zuwa 2007 ya gano mutum wajen miliyan 4.25, 'yan shekara 40 zuwa sama, masu raunin gani ko makanta. Cikin masu matsakaicin rauni, fiye da rabi ba abin da su ke bukata sai tabarau daidai idonsu. Cikin makafi, kashi 43 bisa 100 yana ce ta rufe musu ido, ita kuwa yana aiki a ke yi a cire ta. Watau da yawa daga cikin waɗanda a ke kora, magani su ke bukata, su koma bakin aikinsu. Mai ɗaukar buhun hatsi daga ƙauye zuwa Dawanau, da mai kai tumatir kasuwa da asuba, in ka karɓe masa tuƙi ka karɓe tuwon gidansa.

A dubi yadda waɗansu ƙasashe su ke yi. A Ingila mai neman tuƙa ƙaramar mota sai ya karanta lambar mota daga nisan mita 20, wajen yadi 22 ke nan, da tabarau ko ba tabarau. A kan allon likita kuma sai ya kai 6/12, watau ya ga abu daga mita 6 wanda lafiyayyen ido ke gani daga mita 12. Ana kuma auna ganin gefe, domin hawan jinin ido ta gefe ya ke fara cin gani, mai shi bai sani ba. Mai ido ɗaya, in ɗayan ya cika sharaɗi, yana tuƙa motarsa. Direban babbar mota da na bas kuwa an tsananta musu fiye da haka, domin rayukan da su ke ɗauke da su. Doka a rubuce, kowa ya san matsayinsa.

A Amurka an wuce nan. Jihohi fiye da 40 sun yarda mai raunin gani ya yi tuƙi da wani tabarau mai ɗan ƙaramin madubin hangen nesa a samansa. Direba yana duban hanya ta tabarau kamar kowa, in zai karanta alama daga nesa sai ya ɗan sunkuyar da kai ya leƙa, ya ɗago. Ba haka kawai a ke ba shi ba, a jihohi da dama sai ya koya, an gwada shi a kan titi, a wurare da yawa kuma da rana kaɗai zai fita. Holan ta bi sahu a 2009. Ingila ba ta yarda da wannan tabarau ba, masana kuma suna ta muhawara a kansa. Amma ko ina cikin ƙasashen nan da awo a ke yanke magana.

Mu ma muna da doka. A watan Janairu 2019 Shugaba Muhammadu Buhari ya sa hannu a kan dokar hana nuna wa naƙasassu bambanci. Mutumin da ya karya ta, tarar N100,000 ko ɗaurin wata 6 ko duka biyu. Kamfani kuwa N1,000,000. A 2020 aka kafa hukumar kula da naƙasassu ta ƙasa. Doka dai ga ta a takarda, saura a gan ta a bakin tagar ofis.

Ga abin da mu ke kira a yi. Na ɗaya, a gwada idon kowa, mai rawani da mai hula, a hannun wanda ya koyi aikin. Na biyu, wanda bai ci gwaji ba a rubuta masa dalili a takarda, a tura shi wurin likitan ido, in ya gyara ya dawo a sake gwada shi ba tare da sabon biya ba. Na uku, a ba wanda ganinsa ke kan iyaka lasin mai sharaɗi: da rana kaɗai, cikin gari, ba ɗaukar fasinja, a riƙa sabuntawa da takardar likita. Na huɗu, a buɗe ƙofar ɗaukaka ƙara, kada maganar ma'aikaci ɗaya ta zama yankan wuƙa. Na biyar, gwamnatocin jihohi su kai gwajin ido da tabarau mai araha tashoshin mota da kasuwanni.

Mu kuma talakawa da sauran aiki a kanmu. Kada ka sayi lasin a hannun dillali, domin ran da ka buge ɗan wani ba dillalin ne zai tsaya gaban alƙali ba, ba shi ne kuma zai amsa gaban Allah ba. In ka ga hanya ta fara yi maka hazo, ko fitilar mota tana kashe maka ido da dare, je ka asibitin ido. Akwai babbar cibiya a Kaduna, akwai na Kano da sauran manyan garuruwa. Shugabannin ƙungiyoyin direbobi da na 'yan kasuwa su ɗauki maganar nan su kai ta gaban 'yan majalisarsu. Wanda ya karanta ya gaya wa wanda bai karanta ba. Allah ya kiyaye mana ganinmu, ya ba mu shugabanni masu adalci, amin.