Gizago, inji da turmin da ya tsage

Turmin da na saya wa maiɗakina bara bai kai ƙarshen hunturu ba. Wata safiya tana tsaka da dakan gero sai ta kira ni, na tarar da tsaga ta ɗauko daga baki ta gangara har gindi, gari yana zuba ta cikinta. Turmin mahaifiyata kuwa, na ƙirya, yana nan a gidanmu na Gwiwa, ya yi baƙi, bakinsa ya siɗe saboda shan lugude, kuma ya girme ni.

Na ɗauki tsagaggen na kai wa wani dattijon masassaƙi, sai na faɗa cikin gardamar da masu wannan sana'a suka daɗe suna yi daga Kazaure har Babura. Tsofaffi sun tsaya a kan cewa gizago ne sassaƙa. Hannu yana jin inda itace ya yi tauri da inda yake da gaɓa, sai ya bi shi a hankali. Samarin da suka koyo aiki a Kano suna nuna injin da ke juya itace ana kafa masa ƙarfe yana fere shi, irin wanda kafintoci ke yin ƙafafun gado da shi. Kafin mai gizago ya gama taɓarya ɗaya sun fitar da tuli, kowace sumul, kai ɗaya.

Dattijon bai kula da zancen inji ba. Ya ƙwanƙwasa turmin da ƙotar gizagonsa, ya shinshina tsagar, ya ce: "Malam, ɗanye aka sayar maka. Kuma wannan ba ƙirya ba ce."

A nan nake tare da shi. Ɗanyen itace yana da daɗin sara, shi ya sa kowa yake son sa. Amma cike yake da ruwa, kuma idan ya fara bushewa bayansa yana riga cikinsa tsukewa. Turmi daga gungume guda ake fafe shi, zuciyar itacen tana tsakiya, don haka da iskar hunturu ta buge shi sai ya buɗe daga nan. Masu haƙuri suna yin saran farko su bar shi da kauri, su ajiye a inuwa wata da watanni, sannan su dawo su ƙarasa. Ko a Ingila a da, masu feren ƙafafun kujera a dazukan da ke kewaye da garin High Wycombe ɗanyen itace suke ferewa, amma sai sun jera shi ya sha iska ya bushe kafin a harhaɗa kujera. Mai inji zai iya yin wannan jira, mai gizago ma zai iya ƙin yi.

Abin da ya fi damuna shi ne itacen kansa. Kakanninmu sun raba wa kowace bishiya aikinta: ƙirya ga turmi da taɓarya, aduwa ga allon almajiri, marke ga ƙota. Yau ka zaga gonakin Gwiwa da Roni ka ƙirga manyan ƙirya nawa za ka gani. Maƙera sun fi son gawayinta, masu gawayin sayarwa sun bi ta, ga shi bishiya ce mai jinkirin girma. Masassaƙi ya koma kan darbejiya da duk abin da ya samu, mai saye kuma ba ya tambaya, rahusa yake nema. Ni ma ban tambaya ba.

Jiharmu ta Jigawa tana cikin jihohi 11 na Arewa da ke cikin shirin nan na shingen bishiyoyi don tare hamada, wanda Tarayyar Afirka ta amince da shi a 2007. Ina roƙon masu raba dashe da masarautar Kazaure su sa ƙirya da marke a cikin abin da ake rabawa, su kuma zauna da masassaƙa, domin su ne suka san inda ragowar suke tsaye.

Na ba dattijon kuɗin sabon turmi. Ya ce yana da gungumen ƙirya guda da ya ajiye tun bara, amma kada in zo nema sai bayan kaka.